Na Goge Askar Babana Da Hannuna

Abin nan ya yi mani wuya, kuma har yau bai sake ni ba. Ni ɗan kabu-kabu ne, tsakanin Tambuwal da Kebbe nika neman abincina. Boko ban yi nisa ba. Sai da furfura ta fara fito mani na riƙe babbar waya, wani mai gyaran waya a bakin tasha ya saka mani manhajar gyaran hoto, ya nuna mani inda ake dannawa fuska ta yi sumul. Ina da aska a kumatu irin ta gidanmu, tun ina jinjiri wanzami ya yi mani ita. Dannawa guda ta ɓace. Da na ɗora hotona a intanet, abokan tasha sunka yi ta mani ba'a, wai ko na sayar da mashin ne na sayi sabuwar fuska. Ba'a ce, amma ta yi mani daɗi, ba zan ɓoye ba.

Lokacin nan kowa ɗora hoton mahaifinshi da ya rasu yake yi yana neman addu'a, wannan da rawani, wancan da babbar riga. Babana manomi ne a Kebbe, ya daɗe da rasuwa, kuma hotonshi guda ne a duniya, ɗan ƙarami na kati, Inna mahaifiyata ta naɗe shi a leda cikin wani gwangwani ƙarƙashin kayanta. Da na roƙe ta ta ƙi, ta ce idonta ya fara rauni, tana son ta riƙa kallon shi tun tana iya gani. Sai da na rantse mata zan maido kafin Juma'a sannan ta ba ni.

Na ɗauki hoton da waya na zauna na yi aiki a kai. Na haskaka fatar, na cike ramar kumatu, na daidaita idon hagu da ya ɗan shanye, na goge askar duka. Sai ga wani cikakken dattijo kamar mai sarauta. Wayar tana ta kukan ba wuri, sai na goge wanda na fara ɗauka, tunda ga mai kyau. Na ɗora, addu'a ta yi ta zubowa, har da masu cewa ashe ɗan babban gida ne ni. Na katin kuwa yana aljihun gaban rigata. Ranar da zan mayar ruwa ya tare ni a hanya, ga fasinja, ga laka, wanda ya san hanyar Kebbe da damina ya san abin da nika nufi. Kafin in isa ledar ta buɗe, fuskar ta narke ta manne a aljihu. Na koma wurin mai gyaran waya, ya duba ya ce wanda na goge ya tafi ke nan.

Duk da haka ban tsorata sosai ba. Na sa anka wanko wanda na gyara, babba, anka sa mashi gilashi, na kai wa Inna bayan la'asar ina jiran godiya. Ta fito da shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni hoton wa na kawo mata. Na ce Baba ne. Ta ce ita dai ta zauna da mutum har ta rufe mashi ido, ba ta taɓa ganin wannan ba. Ta tambayi nata hoton, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in fuskarshi kunya take ba ni, da na bar mata kayanta, ita ba ta taɓa jin kunyarta ba. Ta miƙo mani gilashin, ta ɗora hannu a kumatuna tana bin askar da yatsa, ta ce wanzami guda ya yi mana ni da Baba, tawa ce ta rage, kada ita ma in goge.

Abin da na gane, ba Baba na gyara ba, kaina nika gyarawa a idon mutanen da ba su ma san sunanshi ba. Yanzu 'ya'yana ba za su taɓa sanin fuskar kakansu ba, kuma ni na jawo. Duk mai tsohon hoto a gida, don Allah ya bar shi yadda yake. In ma sai ka gyara, ka ajiye na asali inda ruwa ba ya kai. Yabon waya kwana biyu ne, an wuce wurin.

Da gari ya waye ban fita aiki ba. Na cire hoton daga inda na ɗora, na cire manhajar. Na zaunar da Inna bakin ƙofa, na durƙusa kusa da ita, na juyo kumatuna wajen rana, na ɗauke mu tare. Ban taɓa komai a kai ba.