Wasiƙar da Ta Iso Ana Saura Kwana Tara

Anti Sakatariya ba injiniya ba ce. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana buga takardu a kotu kafin ta koma ofishin kwamitin da ke tsara ƙa'idojin da na'urori ke bi wajen aika saƙo ta intanet. Aikinta rubuta abin da ya faru a taro: wa ya zo, ƙarfe nawa, me ya ce. Mijinta tela ne, yana tsokanarta cewa ko atishawa ya yi sai ta rubuta rana da lokaci.

Ɗakin taron yana hawa na biyu, da dogon tebur, da fanka mai ƙara, da allon da na nesa ke bayyana a kai. Kafin kowane zama, Shugaba, wani dattijo mai sanyin murya, yakan yi tambaya ɗaya: ko akwai wanda ya san an yi rajistar mallakar wata dabara da ke cikin daftarin? In dabara tana da mai ita, duk wanda zai bi ƙa'idar sai ya nemi izininsa, shi ya sa ake so a sani tun da wuri. Kullum shiru ake yi, ita kuma ta rubuta babu.

Shekara biyu suna kan daftari ɗaya. Dogo, injiniyan wani kamfani, shi ya kawo dabarar matse saƙo don rage girmansa, wadda aka gina komai a kanta, kuma shi ke riƙe da gyaran daftarin. Mutum ne mai fara'a, kowa nasa ne.

Ana saura kwana tara a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, wasiƙa ta iso daga lauyan kamfanin su Dogo: dabarar tasu ce, sun shigar da takardar rajista tun wata goma sha tara da suka wuce. Sunan Dogo ba ya ciki, na abokin aikinsa ne.

"Kamfani ne babba, ƙila bai sani ba," in ji Shugaba da Anti ta kai masa wasiƙar.

"Ƙila, ranka ya daɗe," ta ce. Amma ta koma ta sauko da fayiloli.

Zama goma sha huɗu aka yi tun daga ranar rajistar. A goma sha ɗaya Dogo ya shigo bayan an wuce tambayar. A sauran ukun ta allo ya halarta, murya a kashe. Kafin nan bai taɓa makara ba.

Da ta faɗa wa mijinta, bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. "Ke dai kotu ba ta fita daga jikinki ba. Cunkoson hanya fa?"

"Cunkoson ma a watan rajistar ya fara?"

"Kin ga zuciyarsa ne?"

Ba ta gani ba, kuma abin da ya fi damunta ke nan.

Ranar taro Dogo ya rantse cewa shi ma a wasiƙar ya fara ji. Shugaba ya ce Anti ta karanta abin da ta samo. Ta karanto ranaku da lokuta, ba ta ƙara ko kalma ba.

"Anti, ni za ki yi wa haka?" in ji Dogo.

"Ƙanena, ban ce ka yi komai ba. Agogo na karanta."

Ba a kore shi ba, don babu hujjar cewa ya sani. Aka dai ɗage ƙuri'a, aka karɓe gyaran daftarin daga hannunsa, aka rubuta wa kamfanin ya fayyace sharuɗɗansa, aka kuma buɗe ƙofa ga mai wata dabarar. Anti ta ba da shawarar a daina dogara da shiru, kowa ya riƙa sa hannu a takarda cewa bai san da wata rajista ba. Aka amince.

Bayan kwana huɗu, wata malamar jami'a da ba ta cika magana a taro ba ta kawo sabuwar dabara, shafi arba'in, har da gwaje-gwaje. Kowa ya yi ta yaba mata. Anti kuwa lissafi take: shafi arba'in a kwana huɗu? Ta ɗauki takardar sa hannu ta fara da ita.

Malama ta riƙe biro, ta daɗe tana karanta layi uku. "Bari in tuntuɓi jami'a tukuna."

"A tuntuɓa lafiya, Malama. Takardar tana nan."

Mako guda bayan haka ta dawo da lambar rajista, ashe tata dabarar ma an yi rajistarta. Ta ce mantuwa ce.

Ƙarshe kamfanin su Dogo ya rubuto cewa kowa na iya amfani da dabararsu ba tare da sharaɗi ba, ƙa'idar ta fito da ita bayan jinkirin wata bakwai. Kamfanin ya mayar da Dogo wani sashe. Wanda suka turo a madadinsa yana riga kowa zuwa, yana zaro bironsa tun kafin a miƙa masa takarda. Wannan saurin ma bai kwanta wa Anti ba, ta buɗe masa fayil nasa daban.