Darbejiyar da Ba Ta Shiga Guangzhou Ba

Gumel zuwa Kano

Ana kiran assalatu na fita da wuƙa na sari darbejiyar ƙofar gidanmu. Autata Safiyya ta haihu a Guangzhou, haihuwar fari, babu dangi kusa, na kuwa ƙudurta ba za ta yi jego babu wankan ganye ba. Na naɗe rassan a jiƙaƙƙen zani, na sa a leda, na huhhuda ta don su sha iska. Maigida yana kallona daga kan dadduma.

"Kowa na tafiya China da dala, ke da itace."

"Da shi Inna ta yi mini nawa, Alhaji. Ka taɓa jin na ce bayana?"

A mota direba ya ce in kawo ya sa a but. Na ce a'a, zafi. A cinyata suka iso Kano.

Addis Ababa

Nan muka sauya jirgi. Na yi alwala, na yayyafa wa ganyen ruwa, ƙamshinsa ya taso kamar ina tsakar gidanmu. Wata 'yar Maraɗi mai sarin atamfa ta leƙo ta ce, "Hajiya, Allah ya sa su bar ki." Ban gane nufinta ba.

Guangzhou

A filin jirgi wani ɗan kare mai shinshina kaya ne ya tsaya a jakata. Ma'aikacin da ke riƙe da shi ya buɗe ta cikin ladabi, ya nuna mini hoto a bango: ɗanyen ganye ba ya shiga ƙasar. Ko guda bai yanƙwane ba, ina ji ina gani aka tafi da shi. Surukina Nura ya tarbe ni ina share ido.

"Mama, lafiya?"

"Sanyi ne."

Na tarar da Safiyya ta rame, tana wanka da ruwan famfo tsura. Ga shi bikin sabuwar shekarar 'yan China ya kama. A titin Zhanxi Lu, inda Nura ke sarin takalma, duk an ja ƙofofi. Kowace ƙofa da 'yar bishiyar lemu a tukunya, an rataya mata jajayen takardu, amma mun nuna wa duk wanda muka gamu da shi hoton darbejiya a waya har mun gaji, amsa ɗaya ce: "Meyo." Wato babu.

Maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da suke kira Ayi, ita ta ga ina kwatanta fyaɗa ruwa a baya. Ta tafa hannu, ta shige, ta fito da dami na rassan wani babban lemu. Nura ya ce su ma da shi suke wanka.

"Ba na tsafinsu ba ne dai?"

"Ganye ne, Mama. Allah ya halicce shi."

Na yi bismilla na karɓa. Washegari Ayi ta tafi ƙauyensu biki, masu sayar da ganyen ma haka. Damin nan shi ke nan mana har kasuwa ta buɗe.

Na tsoma shi a bokiti a baranda. Kullum bayan asuba in sake ruwa, in datse gindin kowane reshe a karkace, in tsige ganyen da ya nutse kada ya ruɓe, in rufa jiƙaƙƙen zani. Ran nan na tashi babu bokiti. Nura ya shigar da shi gaban na'urar ɗumama ɗaki, wai yana tausayinsa da sanyi. Rabi ya ƙanƙance.

"Ɗan nan, takalmi ka sani."

Sauran na riƙa tsimi, kaɗan-kaɗan a tukunya. Ranar da na tafasa reshen ƙarshe, ina fyaɗa mata ruwan, Safiyya ta ce ba tare da ta juyo ba, "Mama, ba ganyen ba ne, hannunki ne." Na ce ta yi shiru ta sunkuya. Da yamma muka ji ana ɗaga ƙofofin shaguna.

Gida

Bizata ta ƙare kafin arba'in. Na koya wa Nura datse reshe, na bar wa Ayi kuka da daddawa, ban san me za ta yi da su ba.

Na iso Gumel bayan la'asar, lafiya lau, alhamdulillahi. Allah ya saka wa duk wanda ya taimake ni a hanya. Kafin in yi sallama na tsaya a ƙofa. Inda na sara ya toho, ganye shar har yana taɓa katanga, mai wankan kuwa tana can.