Ranar da Na Kwantar da Mangwaron Mama

Tun ina saurayi nake hawa bishiyoyin gidajen mutane ina rage musu rassa. Asalin sana'ata gyara ce, ba sarewa ba: reshen da ya hau kwano, wanda ya kusa taɓa wayar lantarki, wanda ya bushe yana jiran iska ta jefo shi a kan wani. A da, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, daga Fagge har Sabon Gari rububina ake yi. Har yanga nake, in dubi Alhaji guda in ce masa sai jibi.

Yanzu sai in yi sati uku gatarina na jingine a bayan ƙofa. In muka zauna da abokan sana'a a bakin tashar jirgin ƙasa, kowa da dalilinsa. Wani ya ce tsadar abinci ce, wanda tukunyarsa ba ta hau wuta ba ina zai tuna da darbejiya? Wani ya ce masu injin yanka ne suka kashe mana kasuwa. Ba ƙarya suka yi ba. Gidajen Fagge da yawa an rushe su an yi shaguna da wuraren ajiye dilolin atamfa, tsakar gidan da ta tsira kuma an malale ta da siminti. Ga sola ta shigo, ita kuwa ba ta ga maciji da inuwa.

Ina gyaɗa musu kai, amma akwai abin da ba na faɗa. Da hannuna a ciki. Shekarun baya, in maigida ya yi ƙorafin ganye ya ishi iyalinsa da shara, sai in ce, "Alhaji, a kwantar da ita gaba ɗaya mana, kowa ya huta." Aikin ya fi tsoka, ga masu gidan burodi suna jiran itacen. Ban tsaya na yi tunani ba: bishiyar da ka yi wa aski za ta sake kiranka baɗi, wadda ka kwantar kuwa kun yi sallama ke nan. Na zama manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo. Haushin kaina nake ji har yau, kuma ba inda zan kai ƙara.

Gida ɗaya tak ya rage da ake nemana duk shekara, gidan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo a Sabon Gari. Kowa Mama yake ce mata, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Tana da mangwaro a tsakar gida, marigayi mijinta ne ya dasa. Ita ma na taɓa kawo mata waccan shawarar tawa, ta biyo ni da tsintsiya har bakin titi.

Bana ba ita ta aiko ba, ɗanta ne, mai sayar da kayan gyaran mota. Na tarar da shi tsaye a gindin bishiyar.

"Malam, wannan karon ba aski ba ne," in ji shi. "Daga gindi za ka cire. Sola zan sa, kuma shago biyu zan fitar a nan."

Na ce, "Haba Oga. Bari in sauke ɓangaren da ya rufe kwano, rana za ta samu. Kyauta ma zan yi maka."

Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba. "Shagon fa, a kan reshe zan gina? In ba za ka iya ba ka faɗa mini, masu inji za su gama kafin azahar."

Na juya wajen Mama, tana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakinta. Na ɗauka za ta tashi da faɗan nan nata. Sai kawai ta ce, "Gidan nasu ne yanzu, Malam. In dai sarewar ce, gara kai. Kai ka san shi."

A gidana ana jiran abin da zan shigo da shi. Na ɗaura igiya na hau.

Kwana biyu na yi ina sauke shi reshe-reshe, don kada ya daki katangar maƙwabta. Duk inda na taka sai in ga tabon sarana na wasu shekaru, ya warke ya rufe. Ban taɓa jin nauyin gatari irin na ranakun nan ba. Mama ba ta shiga ɗaki ba har kututturen ya kwanta tsakar gidan ta yi fayau.

Ina naɗe igiya ta kira ni, ta miƙo mini ruwan sanyi. Ta daɗe tana kallona.

"Malam, gida nawa suka rage maka yanzu?"

Na ce, "Da sauransu, Mama. Alhamdu lillahi, da yawa."

Ta sauke ajiyar zuciya. "To, na ji daɗi," ta ce. "Wallahi kai nake ta tunani tun jiya."