Sukwayar Usman Tamada

Shekara talatin da biyu Usman Tamada ya yi yana sassaƙar ƙarfe da inji a wani shago kusa da bakin ruwa a Yelwa. Masu injin shinkafa daga Shanga da masu jirgin ruwa daga Wara duk wurinsa suke kawo abin da ya karye.

Sukwaya huɗu gare shi na auna kusurwa. Uku suna rataye a bango, da su yake aiki kullum. Ta huɗun kuwa, wadda maigidansa ya ba shi a Kaduna ranar da ya yaye shi, tana cikin akwatin katako, naɗe da ƙyalle mai maiƙo. Ba ta taɓa hawa kan aiki ba. Duk ranar Asabar yakan wanke hannu ya fito da ita, ya jingina sauran a jikinta ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga su saitin ƙofa. In haske ya ratsa tsakani, ya san ta bangon ce ta goce.

Daminar da aka yi masa aikin ƙaba, sati bakwai ya yi a kwance. Kwanon shagon ya yi yoyo daidai kan akwatin. 'Yarsa Yasira, wadda ta zo jinya daga gidan mijinta, ita ta je duba shagon ta tarar da sukwayar ta yi ja da tsatsa. Ta san yadda yake ji da ita. Ta sayi samfefa, takardar nan mai yashi, ta wuni tana gurza har yatsunta suka saɓule.

Ta kawo masa ita har bakin gado tana murna.

"Baba, duba. Ta koma sabuwa."

Ya shafa gefen ƙarfen da babban yatsa. Inda dā yake da kaifi ya zama sulɓi.

"Da mi kinka goge ta?"

"Samfefa, Baba. Mai laushin na zaɓa."

Ya kalli yatsunta. "Allah shi yi miki albarka," ya ce.

Ranar da ya koma shago ya kwantar da sukwayar a gefen farantin ƙarfe, ya ja layi, ya juya ta ya sake ja. Layukan suka tashi tare, suka rabu a sama, alamar ta goce. Ya maimaita sau biyar. Ya yi cigiya har Kontagora, bai sami wanda zai iya daidaita ta ba. Ukun bango kuma kowace da nata zancen, ba shi da alƙalin da zai raba su.

Haka ya yi wa Dauda mai injin shinkafa mazaunin boris, zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa, da wadda ya fi yarda da ita cikin ukun. Cikin kwana goma sha biyu boris ɗin ya cinye, Dauda ya dawo da shi.

"Malam Usman, aikinka bai taɓa dawowa ba," in ji Dauda. "Ko jikin ne har yanzu?"

"Jikin ne," ya ce.

Bai gaya wa kowa ba, balle Yasira. Aikin da ke son auna na gaske ya riƙa mayar da shi Kontagora, masu kawowa suka ragu. Yanzu farfelar jirgi yake miƙarwa, yana wasa wuƙaƙen masu kifi. Injin sassaƙar yana ƙarƙashin tamfol, kaji na kwana a gindinsa.