Allurar da Ta Ƙi Motsi

Wata Laraba ce da damina, shekarar da na shiga aji uku a lakkal, na dawo na tarar da ƙanena Lawali kwance a tabarma, zazzaɓi ya rufe shi tun jiya. Inna ta shiga maƙwabta neman magani, Baba kuma ya tafi masallaci ya bar rumfarsa ta gyaran rediyo a ƙofar gida.

Ni yarinya ce marar magana, sai kallo. Na sha zama bayan Baba ina ɓarar gyaɗa, ina ganin yadda yake ciro 'yan ƙananan kayan cikin rediyo, masu zanen launi kamar duwatsun tsakiya, ya ɗora musu bakin wayoyin mitarsa, ja da baƙa. In allurar mitar ta tashi, sai ya mayar da abin wurinsa. In ta kwanta shiru, sai ya ce, "Wannan ya gama aiki," ya jefa shi cikin gwangwanin tumatir.

Na ɗauko mitar a ɓoye cikin gyalena. Na riƙe wayoyin da yatsuna, allura ta ɗaga kaɗan. Na ɗora su a tafin Lawali mai zafi kamar kasko, ko gezau. Na sauya hannu, na gwada goshinsa, na girgiza mitar, allura tana nan kwance. Na ajiye mitar. Na zauna ina kallon ƙirjinsa, ina jiran ya tsaya.

Haka Baba ya same ni. Da ƙyar na ce, "Baba, ba ta motsa masa ba."

Bai yi dariya ba. Ya juya tafina, ya ce, "Uwata, gumi ne ya jiƙa naki." Ya tsoma yatsun Lawali a moɗa, ya ɗora wayoyin, allura ta tashi tana rawa. Sai ya tsunkuli fatar yaron, ya ga ta ƙi komawa, fuskarsa ta sauya. "Jikin nan ya bushe da yawa." Ya saɓe shi a kafaɗa sai gidan likita, inda aka ƙara masa ruwa.

Yau Lawali ke gyaran waya a kasuwar Matameye, mitarsa lambobi take nunawa, 'ya'yansa ko kallonta ba sa yi. Baba ya rasu, rumfar ta zama shagon ɗinki. Har yanzu in ɗana ya yi zazzaɓi, tafinsa nake fara taɓawa.