Sifikar da ta kasa haye ruwa

"Malam, ko kai ko akwatin nan, ɗaya zan ɗauka," in ji mai kwalekwale, yana hararar sifikata.

Ni ke kaɗa jitar bas a ƙungiyarmu ta kiɗa a Haɗeja. Da na je Kano zaɓen sifika, babbar na nuna, mai rugugi har cikin ƙirji, sai mutum huɗu ke ɗaga ta. Sale, wani mai kaɗa jitar bas na garin Malam Madori, 'yar ƙarama ya ɗauka. Har dariya na yi masa, na ce rediyo ya saya.

Na manta rabin bukukuwanmu a ƙauyukan fadama ake yi, kuma da damina hanya ruwa ce.

Ranar nan biki ne a bayan garin Baturiya. Na ce wa mai kwalekwalen, "Baba, a gwada mana."

Ya ce, "Da raina za ka gwada?"

Abokan kiɗana suka kira Sale. Ya iso, ya ɗora tasa a cinya, suka haye. Ni ina bakin ruwa zaune kan tawa, ina jiyo bas ɗinsa daga tsallake. Abin haushin, daɗi yake yi.

Har yau da ƙyar nake amsa gaisuwarsa. Jama'a, ku gaya min gaskiya, me ya yi min?