Clifford Haigh da Kwalayen Layin Baya

Shekara goma sha tara Clifford Haigh ya yi yana tsaron kayan da kowa ke fatan kada ranar amfaninsu ta zo. Kafin nan a masaƙar ulu yake, tun yana ɗan shekara goma sha shida har ranar da aka kashe injinan. Da hukumar lafiya ta yankinmu ta karɓi ginin ta mai da shi sito, sai ta tarar da shi a ciki kamar ɗaya daga ginshiƙan, ta miƙa masa mabuɗi. Abin da aka tara a wurin tanadin annobar mura ne: takunkumin fuska, safar hannu, rigunan leda, kwali kan kwali har kusa da rufi. Likitoci sun daɗe suna cewa babbar mura za ta zo, shekarar ce kawai ba a sani ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son hayaniya. Ƙarfe bakwai ya buɗe ƙofa, ya ɗora butar shayi, ya zaga layukan da fensir a bayan kunne. Ran Juma'a ya sayi kifi da soyayyen dankali ya ci a tsaye. Asabar ta tattabarunsa ce, guda talatin da ɗoriya, a ɗakin katako na bayan gida. Tserensu ne kaɗai ke sa a jiyo muryarsa daga titi. Matarsa Maureen ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Lorna, ma'aikaciyar jinya a sashen masu ciwon ƙirji.

Maureen ce ta fi kowa gane maganarsa. Takan ce in Cliff ya ce abinci "ba laifi", to ya yi daɗi matuƙa. In ya ce "ina ɗan jin wani iri", a kira motar asibiti. Ba wasa take ba. Ranar da zuciyarsa ta kusa tsayawa, abin da ya ce ke nan, yana laluben takalminsa zai tafi aiki. Haka mazan garinmu na zamaninsa suka tashi. A wurinsu, ka ɗaga murya a kan abin da ya dame ka rashin kunya ne, kamar kana cewa sauran mutane ba su san aikinsu ba.

Takunkumi yana da wa'adi kamar magani. Duk sa'ad da kwanan watan da ke jikin kwalayen ya kusa cika, sai takarda ta zo daga ofis: a ɗebi kwali goma a kai ɗakin gwaji, in sun tsallake a liƙa sabon kwanan wata a kan tsohon. Norman Sugden, direban hukumar, shi ke zuwa ɗauka. Tun suna samari suke hamayya da Cliff a tseren tattabaru.

"Kai tsoho, miƙo na kusa," in ji Norman. "Bayan nan nawa ba na gwamnati ba ne."

"Bayan da ke riƙe da wannan tumbin? Ai ya saba da kaya."

"Tumbin ya fi tsuntsayenka sauri. Na ji wanda ka saki a Faransa ya yi aure a can."

"Tsayawa ya yi yana jiran naka. Tausayi gare shi."

Suna dariya suke loda na bakin ƙofa, inda ake da inuwa da sanyi. Ba wanda ya ce a ɗebo daga baya, takardar ma ba ta ce ba. Sau biyu ana haka, sau biyu sakamako na dawowa lafiya lau, Cliff kuma ya bi dubban kwalaye yana liƙa sabuwar takarda, a miƙe tsaf.

Layin baya kuwa yana ƙarƙashin rufin gilashi, wanda aka yi tun da can don masu saƙa su ga zare. Da rani wurin yakan ɗauki zafi kamar tanda, da hunturu ya yi danshi. Wata rana kwali ɗaya ya zamo daga sama ya fashe. Cliff ya durƙusa yana tattarawa, yatsunsa suka taɓa robar da ke riƙe takunkumi a ƙeya. Wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana shafa zare ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba. Ya ja a hankali. Ta tsinke, ko ƙara ba ta yi ba. Ya ja ta biyu, ya ja ta uku. Cikin ashirin, goma sha huɗu suka rabu a hannunsa. Ya zuba su a aljihu, ya je ya sha shayin da bai ji ɗanɗanonsa ba.

Bayan mako uku aka yi atisayen shekara. Atisaye ne na zaune: a taru a babban ɗaki, a ce mu ƙaddara mura ta shigo ta filin jirgi, kowa ya faɗi abin da zai yi. Shugabar shirin, Madam Pilkington, baƙuwa ce daga kudu, mace mai ƙwazo da kirki. An ci lokaci, tana ta duba agogo.

"Mista Haigh, akwai wani abu daga sito?"

Hannunsa na aljihu a kan robobin. Mutum arba'in suka juyo, likitoci da manyan jami'ai, wasu sun riga sun fara hararar farantin biskit. Ya gyara murya.

"Ba wani abin tayar da hankali ba ne, ranki ya daɗe. Sai dai in an samu sarari, da an ɗan leƙa layin baya."

"Madalla. Amma kayan suna nan cif?"

"Suna nan cif."

"Sun kuma tsallake gwaji?"

"Waɗanda aka kai sun tsallake."

"To, mun gode ƙwarai."

Da Maureen na ɗakin nan, da ta miƙe ta bugi tebur. A bayanin taron layi ɗaya aka rubuta: sito ba matsala, a duba layin baya idan an samu sarari. Mu da muke ofis mun karanta layin nan ba adadi daga baya. Ba ƙarya a cikinsa. Sararin ne bai samu ba. Shi kuwa Cliff ya koma gida yana ganin ya faɗa, har yana jin nauyin ya cika baki a gaban manya. Ya zauna jiran a zo a leƙa. Wata ya wuce, shekara ta wuce.

Duk Lahadi Lorna kan zo su ci gasasshen nama tare. Wata rana tana yanka ta ce, "Baba, kayanku na nan dai ko? An ce mana in abin ya zo, ku ne gatanmu."

"Suna nan."

"To me ya sa ka yi wannan fuskar?"

"Ba komai, 'yar nan. Ci abincinki, zai huce."

Ya ga bai kamata ya ɗora mata fargabar abin da mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba.

Abin kuwa ya zo, a ƙarshen kaka. Kafin a yi mako biyu an rufe makarantu, gadajen asibiti sun cika har baranda. Motoci suka yi layi a ƙofar sito, Cliff yana fitar da kaya daga gaba yana matsawa ciki. Na gaban lafiyarsu ƙalau, har aka yaba wa yankinmu da kyakkyawan shiri. Shi kaɗai yake kallon yadda layukan ke ƙarewa. A mako na shida aka isa ƙarƙashin gilashi.

Ya kira Madam Pilkington. "Robar ta mutu, Madam. Ta layin baya. Tsinkewa take."

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Ai na faɗa a taro."

"Ka ce a leƙa, Mista Haigh! A leƙa ka ce!" Muryarta ta karye, ita ma ta yi kwanaki ba hutu. "Babu wasu. Duk duniya nema ake. Gara waɗannan da fuska tsirara. A tura, zan aika musu gargaɗi."

Ta aika kuwa, cikin ɗaruruwan saƙonnin da ba wanda ke da lokacin buɗewa. Norman ya loda motar bai yi ko tsokana ɗaya ba. Cliff ya ga sunan asibitin Lorna a takardar kai kaya. Ya kira ta, wayar na cikin akwatinta na ɗakin canza kaya. Sai ya zauna ya rubuta mata saƙo da yatsa ɗaya. Ya rubuta mai tsawo, ya ga kamar zai firgita ta a tsakiyar aiki, ya goge. Abin da ya tura shi ne: *In kin samu sarari ki kira ni.*

Ta gani bayan aikin awa goma sha biyu, ta ce gobe. Kashegari da hantsi ta sunkuya za ta juya wani dattijo da tari ya sarƙe, robar ta tsinke, takunkumin ya faɗo a kan bargonsa. Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya rufe ta. Ta yi kwana goma sha tara inji na yi mata numfashi. Mutum shida na sashenta suka kwanta, ɗaya ba ta tashi ba. Likitoci sun gaya wa Cliff ba mai iya rantsuwa cewa daga takunkumin ne, mura tana ko'ina a lokacin. Ya ce ya gode, ya sa hularsa.

Da abin ya lafa aka kafa kwamitin bincike. An shirya za a sha wuya kafin a ciro magana daga bakinsa, sai ya miƙe tun ba a tambaye shi ba, ya zazzage robobi goma sha huɗu a kan tebur.

"Na sani tun kafin murar ta zo," in ji shi. "Suna aljihuna ranar taron. Ban fito da su ba."

Yanzu daga kowane layi ake ɗibar na gwaji, an kuma rufe gilashin. Cliff ya ajiye mabuɗi a watan.

Lorna ta tsira, amma huhunta bai dawo ba. Matakala biyar sai ta tsaya ta dafa bango. Ta bar aikin jinya, ta dawo ɗakin ƙasa na gidan mahaifinta. Wata safiya ya kawo mata shayi, ta riƙe hannun rigarsa.

"Baba, ran Lahadin nan da na tambaye ka. Ka riga ka sani?"

"Na sani."

Ta daɗe tana nemo numfashi. "Da muryarka na ji, ko 'a ɗan leƙa' ka ce min, da na gane. Ni 'yar Maureen ce fa. Amma sai ka ce in ci abincina."

Sai ta sha shayin, ta ce sukari ya yi kaɗan.

Likitanta ya ce ƙurar tattabaru ba ta yi da huhu irin nata. Asabar ɗin makon Norman ya zo da kwanduna don ya kwashe tsuntsayen.

"Zan koya musu tashi," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi. "Sun daɗe suna tafiya a ƙasa."

"Kada ka cika musu masara. Mai zanen nan ba ta son a kama ta ta wuya."

Cliff ya wanke ɗakin katakon, ya buga ƙusa a ƙofarsa. Sai dai tsuntsayen tsere gida ɗaya suka sani. Duk ranar da Norman ya sake su, kafin ya juya sun tsallaka gari sun sauka a kan rufin ɗakin da aka rufe, suna ta zagaye suna neman ƙofa. Cliff ya fito da tsintsiya mai dogon hannu yana kaɗa su, ba tsawa, ba ihu. Su tashi, su yi da'ira, su dawo.

Lorna na kallo ta taga a rufe. Ta ƙwanƙwasa gilashin, ta tambaye shi da baki ko lafiya yake. Ya ɗaga mata hannu.

"Ba komai," in ji shi, ya koma kan tsuntsayen.